Ina Japan Aka Tuƙa 'Yar Maska

Duk kun san hoton nan da ke rataye a falo kusa da kalanda. Ni ce a tsaye cikin wata ƙatuwar rigar sanyi ta aro, hula har gira, dusar ƙanƙara ta kusa kai min gwiwa, ina dariya kamar wadda aka yi wa albishir. Tun kuna yara kuke nuna wa baƙi shi kuna cewa ga Mama a Japan. Kun kuma san ɗaya labarin, wanda ba a rataye a bango ba amma kowa a gidan Baba ya haddace shi: wai a shekarar ce Mama Hannatu, matar kawunku Bitrus, ta ɗauki irin dawar Baba ta kai injin niƙa saboda rashin kula. Kun taso kuna jin ana yi mata gori da shi, wani lokacin ku ma kun taya. To labaran nan biyu labari ɗaya ne, kuma ba yadda kuka ji shi yake ba. Na kai shekarun da ba ni da tabbacin ganin wata damina, don haka ku zauna ku karanta, kada wanda ya tsallake layi.

Dawar da ake magana a kanta Baba yana kiranta 'yar Maska, domin mahaifiyarsa ce ta zo da ita daga wajen Maska cikin kayan aurenta, tun kafin 'yan mishan su shigo ƙauyenmu na gabashin Kafur. Ja ce, ƙwayarta ƙanana, karanta ya fi rufin ɗaki tsawo, ga ta da jinkirin nuna. Ba ta cika rumbu, amma tuwonta yana da ƙamshi da danƙo irin wanda in ka ci sau ɗaya ba ka mancewa, kuma yana kwana bai saki ba. A da kowane gida yana da ita. Sai masara ta shigo, sai sabuwar dawa mai gajeren kara da saurin nuna, kuma in faɗi gaskiya ni ce na yi ta yawo a kan babur ina tallarsu, tunda aikina ke nan, malamar gona. Gida-gida aka daina shuka ta, har ya zama a duk yankin ba ta rage ko'ina ba sai a kunya takwas da Baba ya ware a bayan gida. Su ma Bitrus so yake ya sa musu masara, nauyin Baba ne ya hana shi.

Ga yadda ake yi a gidanmu. Kafin a fara yankan dawa, mai gida shi kaɗai yake shiga gona da sassafe, ya bi kara-kara ya zaɓi zangarnun da suka fi cika, ya yanke da hannunsa, ya ɗaure, ya rataye a ɗakin girki daidai saman murhu. Hayaƙi yana korar ƙwari. Duk wanda kuma ya shiga ɗakin ya ɗaga kai ya ga abin da ke rataye, ya san wannan iri ne, ko yunwa za ta kashe shi ba zai taɓa ba. Abin da aka sussuke aka zuba a buhu ko a tukunya kuwa abinci ne, macen da ke girki tana iya ɗiba ba sai ta tambayi kowa ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana wannan, mun tashi mun tarar haka ake yi.

A kakar shekarar nan yanar ido ta gama rufe wa Baba gani. Ran nan na zo daga Malumfashi ranar Asabar, ya kira ni ƙarƙashin mangwaro ya ce:

“Rifkatu, ke za ki zaɓar mani iri bana. Bitrus in ya shiga gonar nan ba abin da zai gani sai inda masara za ta zauna.”

Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ga ɗa namiji a gida amma aka ɗauki wuƙar aka ba ni. Na shiga na zaɓa tsakani da Allah, na ɗaure na rataye, aka kama hannun Baba ya shafa ya ce madalla. Abin da ya rage a kunyoyin bai kai dami biyu ba, tsuntsaye sun yi rabonsu, Bitrus ya haɗa da sabuwar dawa aka sussuke tare aka kai kasuwar Funtua. Ke nan duk 'yar Maskan da ta rage a duniya, iya sanina, ita ce wannan da ke lilo a saman murhun Hannatu. Sai abin ya tsaya min a rai. Ni da nake koya wa matan ƙauyuka su sussuke iri su shanya, su cika jarka har baki su toshe yadda iska ba za ta shiga ba ƙwari su mutu, a ce irin gidan ubana yana rataye a hayaƙi, ɓera na iya hawa, gobara na iya tashi? Na faɗa wa babanku abin da nake so in yi. Bai ko ɗago daga littattafan 'yan ajinsa da yake dubawa ba, ya ce:

“Ki bar wa tsoho hayaƙinsa.”

Na ce to, kuma kun san irin “to” ɗina. Asabar ta gaba, gida ya watse an tafi jana'iza a maƙwabta, na sauke zangarnun na sussuke na sheƙe, na cika ƙaramar jarka na toshe bakinta da leda, na tura ta bayan buhunan masara a ɗakin ajiya. Don kada hannun Baba ya kai sama ya ji wayam, na samo zangarnun wata dawa daga rumbu na ɗaure na rataye a gurbinsu, cikin kwana uku hayaƙi ya rina su ba mai bambancewa. Na yi niyyar in gaya wa Hannatu, amma na san bakinta, ba ta iya ɓoye wa Baba komai. Na ce bari dai sai ranar da zan tafi. Domin a lokacin takarda ta riga ta fito, ma'aikata ta zaɓe ni in je Japan kwas na wata uku, kuma kada ku yi dariya, kwas ɗin a kan adana amfanin gona ne. Sai guje-guje ya taso, yau Kaduna gobe Abuja, neman fasfo, allura, awon jini. Ranar da na je sallama gidan cike yake da masu addu'a, na fito ban faɗa wa kowa komai ba, kuma har jirgi ya ɗaga jarkar ba ta faɗo min a rai ba.

Makonni muka yi a wani babban birni muna karatu, mu goma sha wani abu daga ƙasashe daban-daban. Ana saura mako guda Kirsimeti aka ce an ba mu hutu, za a kai mu arewacin ƙasar yawon buɗe ido na kwana biyar, wani ƙaramin gari na masunta a bakin teku. Mun shiga jirgin ƙasa da rana tsaka, muna ta ratsa ramukan da aka fafe a cikin duwatsu, muna fitowa daga wani sai muka ga duniya ta yi fari fat. Malam Isuhu, wani mutumin Maraɗi da muke kwas tare, shi kaɗai nake jin Hausa a bakinsa, ya manna fuska a gilashi ya ce wannan in auduga ce da Funtua ta rufe kasuwa. Garin a kwance yake tsakanin dutse da ruwa, tekun baƙi-ƙirin, iska tana fitowa daga cikinsa ta shige maka ƙashi. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara. Washegari da safe aka kai mu kasuwar kifi, na ga ƙaguwa da ta fi faranti faɗi tana motsa ƙafafu a kan ƙanƙara, na ga kifaye manya an tsaga an rataye su a jere a bakin ƙofofi, iskar sanyi ce ke busar da su maimakon rana. Aka miƙo min ɗanyen kifi a ɗan kwano, na karɓa da hannu biyu na yi godiya na miƙa wa na kusa da ni. Ranar dai na ji daɗi da gaske, ita ce ranar ƙarshe da na ji.

Kwana na biyu aka kai mu wani tsohon gidan masunta da aka bari don baƙi su gani. Na katako ne, mai faɗi, a tsakiyar ɗaki an yi murhu a ƙasa, wata tsohuwa ƙanƙanuwa tana durƙushe tana gyara garwashi tana gasa mana wani abu kamar waina. Muka cire takalma muka kewaye wutar. Ina ɗaga kai, sai na ga a saman murhun, tsakanin katakan da hayaƙi ya mayar baƙi, an rataye damin wani hatsi mai kama da gero. Na tambayi tafintarmu, ta tambayi tsohuwar. Tsohuwar ta yi dariya ta yi magana mai tsawo, tafinta ta mayar mana: ta ce haka kakarta take yi da iri. Hayaƙi yana tsare shi daga ƙwari, kuma yana tsare shi daga mutanen gida, domin ko a shekarar yunwa ba wanda ke miƙa hannu ga abin da ke sama, amma abin da ya shiga tukunya na kowa ne.

Wainar tana hannuna na tuna gida. Na hango jarkar a bayan buhuna, dawa sussukakkiya, tsaf, ba ko tsakuwa. Na hango iri na ƙarya yana lilo a saman murhu yana shaida wa kowa cewa iri na nan lafiya. Na kuma tuna Kirsimeti saura kwana biyar, lokacin da Hannatu ke kwashe komai na ɗakin ajiya ta share, ta nemi hatsi mafi kyau don baƙi. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Malam Isuhu ya dube ni ya ce:

“Malama, mi ya same ki? Wuta ta taɓa ki?”

Na ce masa ƙafata ce ta yi sanyi.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. Ƙauyenmu ba sabis a lokacin, amma babanku yana da wayar hannu a Malumfashi, kuma tafiyar babur ce ta ƙasa da awa guda. A masaukinmu akwai waya ta kati a bakin ƙofa. Da yamma, lokacin gida safiya ce, na kira shi. Ya ɗauka da murna, ya ce kuna lafiya, ya tambayi sanyi. Na buɗe baki in faɗa, sai na ji muryarsa a kunnena yana cewa ki bar wa tsoho hayaƙinsa, na kuma tuna na ce masa to. In na faɗa masa, dole ya je ya faɗa wa Bitrus, wanda aka tsallake aka ba ni wuƙa, daga nan Baba ya ji cewa ɗiyar da ya amince da ita ta rataye masa ƙarya don ba ya gani. Sai na ba babanku labarin ƙaguwa. Minti goma ina kwatanta masa ƙafafunta har katin ya ƙare. Na koma ɗaki ina lallashin kaina cewa jarkar tana can lungu, Hannatu ba za ta ja buhu shida don ta leƙa baya ba.

Kwanakin da suka biyo baya jikina ne kawai a Japan. An sa mu a wani ƙaramin jirgin ruwa mai rufi, da tebur a tsakiya an lulluɓe shi da bargo, ƙarƙashinsa akwai ɗumi, kowa ya zura ƙafafu. Aka zaga da mu gefen duwatsun da ƙanƙara ta daskare a jikinsu tana reto kamar gemu, fararen tsuntsayen teku suna bin mu suna fizge abinci daga hannun mutane. Kowa na ihu yana ɗaukar hoto, ni kuwa ina duba agogo ina cire awa takwas: yanzu Hannatu ta tashi, yanzu ta hura wuta, yanzu ƙila ta ɗauki tsintsiya. Aka hau da mu dutse a cikin wani akwati mai tafiya a kan waya, don mu ga fitilun gari daga sama in an kunna su. Da gaske suna da kyau, sun bi bakin teku sun lanƙwashe, amma ni na kasa tsayawa wuri ɗaya, ina kai da komo a bayan mutane har tafinta ta zaci fitsari nake ji ta nuna min hanya. Na sake kiran babanku a rana ta uku. Na kai har ga cewa, “In ka je gida,” ya ce ina jin ki, na ce ka gaishe min da Baba.

A rana ta huɗu aka kai mu wani gangare aka ba kowa faranti na roba, ka zauna a kai a tura ka ka sulalo. Malam Isuhu da gemunsa ya sulalo ya kife, ƙafafu sama, yana salati. Dariya ta ƙwace min, a daidai lokacin aka ɗauki hoton nan na falo. Dariyar ba ta kai minti ɗaya ba, amma ita kuka taso kuna kallo. Daga nan aka wuce da mu mata wurin wanka na ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, a fili, yana fuskantar teku. Na yi ta noƙewa saboda kunya, daga baya na shiga har wuya. Dusar ƙanƙara tana sauka a kaina tana narkewa, tururi ya rufe ko'ina, tsofaffin matan garin suna hira a hankali. Wurin da aka yi don hutu ke nan, ni kuwa a nan na fashe da kuka. Na gane tsoron zubewar girmana ya fi min irin kakata, kuma na ji ƙyamar kaina. Na fito ko jikina ban goge da kyau ba, na sayi kati na kira babanku, na faɗa masa komai, har da cewa ban gaya wa kowa ba.

Bai yi min faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi kawai:

“Bari in tayar da babur.”

Washegari na kira. Ya ce da ya isa ya tarar Hannatu tana tankaɗe. Shekaranjiya da yamma ta gano jarkar wajen shara, ta ɗaga kai ta ga iri na nan a rataye, sai ta yi murna, ta ɗauka ragowar 'yar Maska ce na ɓoye don a yi wa Baba tuwon Kirsimeti. Jiya da sassafe ta kai inji, awa biyu kafin ya iso. Jarkar ma ta wanke ta tas har ta zuba ruwa. Da na yi magana a kiran farko, ko a na biyu, da yanzu kuna da ita a gonakinku. Suka haɗa baki su uku, shi da Hannatu da Bitrus, kada a gaya wa Baba sai bayan biki, garin kuwa aka tuƙa, tunda ba a zubar da abinci.

Na dawo gida da takardar shaida mai tambarin zinariya da tsarabar kowa. Ranar da na je ƙauye, ana zaune a tsakar gida, Bitrus ya dube ni a gaban jama'a ya ce:

“Yaya, Hannatu ta ce ba ki gaya mata iri ne a jarkar ba.”

Duk idanu suka dawo kaina. Na ce:

“Ina jin na gaya mata, ranar da na zo sallama.”

Hannatu ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta sunkuyar da kai ta ce:

“Ƙila ni na mance, Yaya. Ranar mutane sun yi yawa.”

Shi ke nan magana ta zauna a kanta. Babanku yana wurin, ya san gaskiya, ya ƙura wa ƙasa ido, kuma har ya koma ga Ubangiji bai tona ni ba, bai kuma taɓa sa baki a gorin da ake yi mata ba. Ni kuwa damina biyu na yi ina bin kasuwanni da ƙauyuka, Maska, Mahuta, Funtua, duk inda aka ce akwai jar dawa mai dogon kara. In na kawo sai Baba ya murza a tafin hannunsa, ya sa ƙwaya ɗaya a baki, ya girgiza kai.

Amma ba wannan nake so ku riƙe ba. A ranar da na yi ƙaryar nan, da jama'a suka watse, Baba ya ce a kira masa ni ƙarƙashin mangwaro. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya tambaye ni ko da gaske ne ruwa yana daskarewa mutum ya taka, na ce da gaske ne. Sannan ya ce:

“Ɗiyata, idona ne ya mutu, hannuna na nan. Tun ranar da kika canza ta saman murhu na shafa na san ba tawa ba ce. Ban yi magana ba. Na ce Rifkatu ta yi karatu, ta san inda ta ajiye.”

Na kasa ɗaga kai. Ya ci gaba:

“Ranar Kirsimeti aka kawo mani tuwo, ban kai baki ba na ji ƙamshin. Na san ragowar an kai Funtua, na san ta sama ba ita ba ce, to daga ina wannan ta hito? Sai na gane. Na ci malmala biyu, na ce a ƙara mani, na cinye tas na suɗe kwano. Hannatu tana ta murna wai na samu lahiya. Bankwana nake yi da uwata.”

Na kama ƙafarsa ina kuka ina cewa ya yafe min. Ya ɗora hannu a kaina ya ce ta dawa ya yafe tun ranar, abinci ne kuma an ci. Amma ta yarinyar nan da aka ɗora wa kayan da ba nata ba, wannan ba shi ke da yafiyarta ba. Na ce to ya faɗa wa Bitrus gaskiya. Ya ce:

“A'a. Ke za ki faɗa.”

Ya rasu da damina ta uku yana jira. Hannatu tana nan da ranta, ta tsufa, har gobe in aka yi biki wani marar kunya yakan ce a ɓoye iri ga Mama ta iso, ita kuma ta yi dariya tare da su. Ba ta iya karatu ba, don haka wanda ya fara gama karanta wannan rubutu a cikinku ya zo ya ɗauke ni a mota mu je, ya karanta mata a tsakar gida, a gaban Bitrus da duk wanda ke nan, ina zaune. Ban gaya mata ba, ko kalma ɗaya ban gaya mata ba. Baba, na faɗa.